Yadda za ka riƙe gidan fiza naka na kanka wanda iyalai za su riƙa dawowa

Duk mai niyyar buɗe gidan fiza nasa na kansa, wanda ba reshen wani babban kamfani ba, ya fara cire gasar araha daga ransa. Pizza Hut tun 1958 suke cikin harkar, Domino's tun 1960, fulawa da cuku tirela-tirela suke saya, to kai da kake sayen buhu goma ta ina za ka karya musu farashi? Abin da kake da shi wanda su ba za su iya saya ba abu biyu ne, kwaɓin da aka ba shi lokacinsa har ya nuna, da mutum a bakin ƙofa wanda ya san kwastoma ya san sunan ɗansa ya san cewa ƙaramar ba ta son albasa. A kan waɗannan biyun za ka gina komai, wajen zama da menu da ma'aikata da lissafi duk hidima suke musu.

Kwaɓi tukuna

Mutane da yawa in sun ji an ce fiza ta musamman hankalinsu kan abin da ake barbaɗawa a sama yake tafiya, alhali wanda ya san fiza gefen yake fara yaga ya duba cikinsa. In ya ga ramuka-ramuka na iska, bayan ya yi ƙus-ƙus ciki kuma da taushi, to ya san gidan sun san aikinsu. In ya ga ya cushe ya yi nauyi, ko me ka zuba a kai ba zai cece ka ba.

Kayan haɗin guda huɗu ne kawai, fulawa, ruwa, gishiri, yis. Amma dan Allah ka sayi sikeli na dijital tun ranar farko, ka daina awo da kofi ko da hannu, domin kofin fulawa na yau ba shi ne na gobe ba. Masu sana'ar komai a kan nauyin fulawa suke lissafa shi. Misali da za ka iya farawa da shi: fulawa kilo 1, ruwa giram 620, gishiri giram 28, busasshen yis giram 2. Wannan zai ba ka curi shida masu giram 250 har da ɗan ragowa, kenan in kana son curi 100 a rana kusan kilo 15 na fulawa kake buƙata. Ka rubuta wannan lissafin ka manna a bango inda mai kwaɓi zai riƙa gani.

Za ka ga yis ɗin ya yi kaɗan, da gangan ne. Ana kwaɓawa a bar shi ya ɗan huta, a yanka curi-curi a jera a tire mai murfi, a sa a firij mai sanyin digiri 4 na ma'aunin Celsius ya kwana ɗaya zuwa uku. Cikin wannan sanyin yis yana aiki a hankali, ɗanɗano yana taruwa, kwaɓin yana saki yadda zai miƙe ba tare da ya yage ba. Wanda ya labta yis da yawa don ya tashi cikin awa ɗaya zai samu kumburi amma ba zai samu ɗanɗano ba, kuma warin yis zai fito. Sannan kafin a fara aiki a fito da curin daga firij kamar awa biyu ya sha iska, in ka miƙa shi da sanyinsa zai riƙa komawa yana tsukewa, a cikin tanda kuma ya yi manyan ƙuraje su ƙone. Ma'anar duk wannan ita ce kwaɓin da za ka sayar ranar Asabar tun Alhamis aka yi shi, don haka dole ka iya hasashen yawan mutane, kuma dole wani lokaci kwaɓi ya ƙare maka da wuri. In ya ƙare ka faɗa wa mutane gaskiya ka ba su haƙuri, kar ka yi na gaggawa ka ba su da sunan wancan, wanda ya saba ci zai gane a loma ta farko.

Yanayi ma yana taɓa kwaɓi. Lokacin zafi yana tashi da sauri sai ka yi amfani da ruwa mai sanyi ka rage yis, lokacin sanyi ka ƙara masa lokaci. Ka ajiye ɗan littafi a kicin, kullum a rubuta zafin ruwa, ƙarfe nawa aka kwaɓa, yaya ya fito. Bayan 'yan watanni wannan littafin zai fi maka duk wani bidiyo amfani saboda labarin kicin ɗinka ne da fulawarka.

Maganar fulawa kuwa, za ka ji ana ta ambaton mai lamba 00 ta Italiya. Lambar tana nuna laushin niƙa ne da yadda aka tace ta, ba ita ke nuna ƙarfin fulawar ba, don haka ka duba yawan furotin a jikin buhu, mai kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari ita ke jure doguwar kwana a firij. In ka samu wadda ta karɓe ka ka tsaya a kanta, canza fulawa kowane wata saboda an samu mai sauƙi yana rikita komai.

Tanda ce za ta faɗa maka irin fizar da za ka yi

Kafin ka zuba kuɗi a tanda ka yanke shawarar salon da kake so. Fizar birnin Napoli na Italiya, inda abin ya samo asali, a tandar itace ake gasa ta mai zafin digiri 430 zuwa sama, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 ta gasu, tsakiyarta da laushi gefenta a kumbure da ɗigo-ɗigon baƙi. Akwai ma ƙungiya a can mai suna Associazione Verace Pizza Napoletana da aka kafa a 1984 wadda ta rubuta ƙa'idojin yin ta, kuma a 2017 UNESCO ta sa sana'ar masu fizar Napoli cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Salon New York kuma tandar gas ko ta lantarki ake amfani da ita, zafi bai kai wancan ba, wajen digiri 260 zuwa 300, tana ɗaukar mintuna da dama, tana fitowa da ɗan ƙarfi yadda za a yanka a riƙe a hannu.

Ra'ayina, in dai iyalai ne manyan kwastomominka, ka yi tunani sosai kafin ka nace sai ta Napoli zalla. Tana da daɗi ba ƙarya, amma tsakiyarta da ruwa-ruwa, yaro in ya ɗaga yanka sai komai ya zame masa a riga, kuma in aka sa ta a kwali minti goma ta yi laƙwas. Gidaje da yawa suna tsayawa a tsakiya, su rage zafi kaɗan su ƙara minti ɗaya ko biyu don ƙasan ya yi ƙarfi. Tandar itace tana jan ido kuma yara suna son kallon wuta, sai dai tana son gwani, tana son busasshen itace da wajen ajiye shi, tana son bututun hayaƙi mai kyau da ake sharewa a kai a kai, kuma a wasu garuruwan hukuma ba ta bari sai da izini na musamman. Ka je ka tambaya kafin ka sa hannu a takardar haya, har da maganar lasisin sayar da abinci, binciken jami'an lafiya, na 'yan kwana-kwana, da inshora. Wannan sashen ba daɗi amma shi ke rufe shaguna.

Ka sayi ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa daga nesa don ka riƙa duba ƙasan tanda. In ƙasa ya huce saboda an jera fiza a kai a kai, sama zai ƙone ƙasa bai gasu ba, sai ka riƙa canza waje kana ba dutsen lokaci ya dawo.

Menu ya zama gajere

Gidan Da Michele a Napoli da ya samo asali tun 1870 ya yi shekara da shekaru yana sayar da fiza kala biyu kacal, margerita da marinara (mai tumatir da tafarnuwa, ba cuku), kuma layi ba ya yankewa. Chris Bianco a birnin Phoenix na Amurka ya fara ne a 1988 a wani lungu cikin shagon kayan masarufi, menu ɗinsa fiza shida ne, a 2003 ya ci kyautar James Beard wadda masu girki a Amurka suke ji da ita. Ba cewa nake ka kwaikwaye su ba, amma ka lura ba yawan kala ne ya kai su inda suka kai ba. Kala takwas zuwa goma ya ishe ka, kuma ka tsara yadda kayan haɗi ɗaya zai shiga fiza biyu ko uku don kar wani abu ya zauna a firij yana jiran mai oda ɗaya a mako har ya lalace.

Margerita ita ce jarrabawarka, tumatir, cukun mozarela, ganyen basil, man zaitun, shikenan, ba inda za ka ɓoye kuskure. In ita ta yi kyau sauran za su bi. Miyar tumatir ɗin ma ba sai an dafa ba, tumatirin gwangwani mai kyau a murƙushe da hannu a sa gishiri, tanda za ta ƙarasa dafa shi. Ka sayi gwangwani kala uku ko huɗu ka buɗe ka ɗanɗana da cokali ba tare da ka kalli sunan ba, wanda bakinka ya zaɓa shi za ka ɗauka, ko da ba tumatirin San Marzano na Italiya ba ne da ake ta yabo. Mozarela sabuwa kuma a yanka ta a bar ta ta tsane na 'yan awanni, in ba haka ba ruwa zai kwanta a tsakiyar fiza.

Shi kuma salon ɗora kayan alfarma a kan fiza ya yi tashe ne a Kalifoniya, musamman bayan mai girki Wolfgang Puck ya buɗe gidan abincinsa Spago a 1982 ya riƙa ɗora kyafaffen kifin salmon a kai. Tun daga nan kowa ya samu ƙofa, amma ƙofar tana da rami, domin wasu sun ɗauka yawan kaya shi ne ƙwarewa. Abu uku ko huɗu da suka dace da juna sun fi bakwai da suke faɗa, kuma kaya in ya yi nauyi ƙasan ba ya gasuwa. Ka ware fiza ɗaya da take canzawa da abin da manoman kusa da kai suka kawo a wannan lokacin, ita ce za ta sa tsofaffin kwastomomi su riƙa tambayar yau me ake da shi.

Na yara kuma kar ka raina shi. Ƙaramar fiza da kwaɓi ɗaya da na manya, miya ɗaya, cuku ɗaya, ba yaji. Kar ka je ka sayo daskararren abu mai arha ka ce ai na yara ne, iyaye suna ɗanɗana abincin 'ya'yansu kuma suna lura.

Iyali in sun shigo

Ka tsaya a ƙofarka ka kalli uwa ta shigo da jariri a keken turawa, yaro ɗan shekara huɗu yana jan hannunta, uban yana baya da jaka. Ƙofar ta ishe su wucewa? Akwai matakala? Ina za a ajiye keken da ba zai tare hanya ba? In sun zauna, cikin minti biyun farko ne ake yanke hukuncin ko za su dawo. Wanda ya tarbe su ya jawo kujerar jarirai tun ba a tambaya ba, kuma a goge take, bel ɗinta yana aiki. Ya kawo ruwa a kofin da ba ya fashewa, ya kawo takarda da fensir mai kala, ya kawar da wuƙa da kwalbar yaji daga gaban yaron. Sannan ya tambayi iyayen ko a fara kawo na yaran, domin yaro mai jin yunwa ba ya jiran minti ashirin, in ya fara kuka uwar ba za ta ji daɗin ko loma ɗaya ba, kuma abin da za ta tuna da gidanka kenan.

Fizar yaro in ta fito daga tanda a yanka ta ƙanana a bar ta ta ɗan huce a kan teburin kicin kafin a kai, narkakken cuku yana riƙe zafi yana ƙona dasashi. Zaitun da ƙananan tumatir a raba su, kar a sa su ɗungurungum, ƙaramin yaro yana iya shaƙewa. Wasu gidajen suna ba yara ɗanyen kwaɓi su yi wasa da shi, abin yana da ban sha'awa amma ni ban ba da shawara ba, ɗanyar fulawa tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta kuma yaro dole ya kai baki, hukumomin lafiya ma sun yi gargaɗi a kai. In kana son su ji suna cikin abin, ka sa gilashi ko ɗan shinge a gaban inda ake miƙa kwaɓi da ɗan benci da za su taka su leƙa, mai tanda ya ɗaga musu hannu ya nuna musu tasu tana shiga.

Banɗaki. Gaskiya nan ne iyaye suke auna ka. Ya zama da tsafta, da sabulu, da wajen canza wa jariri kunzugu wanda uba ma zai iya shiga ya yi amfani da shi, da ɗan abin takawa don yaro ya kai ga famfo. A sa wani ya riƙa leƙawa duk awa.

Kiɗa a rage shi yadda kaka za ta ji maganar jikanta. Teburan su zama irin waɗanda ake haɗawa a raba, saboda iyali na iya zuwa su uku yau, mako mai zuwa su zo su goma sha ɗaya. Ka kuma tuna ba kowa ne ya zo da yara ba, akwai ma'aurata da suka fito su huta, to ka ware musu ɓangare nesa da hayaniya, kuma yawanci abin yana raba kansa da kansa, masu yara suna zuwa da wuri su tafi da wuri, sauran su zo daga baya. In yaro ya fara guje-guje tsakanin tebura alhali ana wucewa da abinci mai zafi, ma'aikaci ya durƙusa daidai tsawonsa ya yi masa magana da fara'a ya rako shi wajen iyayensa, ba tsawa ba harara.

Akwai maganar da ba a wasa da ita, wato alaji, inda jikin mutum ba ya karɓar wani abinci, in ya ci sai ya tayar masa da ciwo. Fiza alkama ce da madara, biyun nan suna cikin abubuwan da suka fi tayar wa mutane, ga gyaɗa da danginta da kifi da ƙwai in kana amfani da su. Kowane ma'aikaci ya san abin da ke cikin kowace fiza, in bai sani ba ya je ya tambaya, kar ya yi kame-kame. Kuma kicin ɗin da fulawa ke tashi a iska ba zai iya yi wa wanda alkama ke cutarwa alkawarin cewa ko ƙwaya ba ta taɓa abincinsa ba, to ka faɗa masa haka ƙarara ya yanke wa kansa. Haka wanda ba ya cin wani nama ko ba ya cin nama gaba ɗaya saboda addininsa ko ra'ayinsa, ka rubuta komai a menu, ka ware wuƙa da katako, in ka ce babu to ya zama babu.

Tsaftar kicin kuma a taƙaice: firij kar ya wuce digiri 5, abinci mai lalacewa kar ya wuce awa biyu a waje, kaza da ɗanyen nama a dafa su tukuna kafin a ɗora domin daƙiƙa 90 a tanda ba ta isa ta dafa su, kowane mazubi a manna masa ranar da aka buɗe, na farkon shiga shi ne na farkon fita.

Lissafi

Daɗin fiza ba ya biyan haya in ba ka san nawa kowace ɗaya take ci maka ba. Ka zauna da sikeli ka auna komai da ke hawa kan fiza ɗaya, har man zaitun har kwali, ka fitar da kuɗinsa. Abin da masu gidajen abinci suka saba bi shi ne kayan abinci ya tsaya wajen kashi 30 cikin ɗari na ciniki ko ƙasa da haka, in aka haɗa da albashi kar su wuce kashi 60 zuwa 65, haya kuma kar ta kai kashi 10. Fulawa ba ta da tsada, cuku ne ke cin kuɗi, kuma a nan riba take zurarewa ba ka sani ba: mai tanda ya ƙara ɗan hannu a kowace fiza don kirki, giram 20 sau 100 kilo biyu kenan a dare ɗaya. Ka sa kofin awo ko a auna cukun a ƙulla tun da rana. In kana son yi wa wani ƙari ka yi da saninka.

Manhajojin kai abinci gida suna kawo oda amma kamashonsu yakan kai kashi 15 zuwa 30, kuma kwastoman nasu ne, ba ka da lambarsa ba ka ga fuskarsa ba. Ka yi amfani da su in kana so, amma ka sa 'yar takarda a kwali da ke nuna yadda za a yi oda kai tsaye, ka kuma sauƙaƙa wa mai zuwa ɗauka da kansa. Kwalin ya zama mai 'yan huji don tururi ya fita. Sannan ka ajiye kuɗin gudanarwa na 'yan watanni a gefe kafin ka buɗe, saboda makon farko kowa zai zo kallo, wata na uku ne za ka san ainihin cinikinka.

Unguwa

Zumunci da unguwa yana farawa ne daga maƙwabcin da bangonku ɗaya. Tun kafin ka buɗe ka je ka gaishe shi, ka faɗa masa lokacin buɗewa da rufewa, ka ba shi lambarka ka ce in hayaƙi ko ƙara ko motocin kwastomomi sun dame shi ya kira ka kai tsaye. Shararka kar ta kwana a waje, masu babur ɗin kai oda kar su tare ƙofar mutane. Mutum ɗaya da ka ɓata wa barci zai iya ɓata maka suna fiye da yadda talla goma za su gyara.

Daga nan sai ka duba me unguwar take da shi da za ka shiga ciki. Makarantar kusa tana tara kuɗin littattafai, ka ba su dare ɗaya cikin ranakun da ba ka da cunkoso, ka ce wani kaso na cinikin daren nasu ne, su za su yi maka gayya da kansu, kai ka cika tebura su sun samu kuɗi, kuma washegari ka kai musu abin da aka tara ka faɗi adadin a fili. Ƙungiyar ƙwallon yara tana neman riguna, ka ɗauki nauyi, amma ka je kallon wasan ko sau ɗaya, kar ya zama sunanka ne kawai a bayan riga. Ajin 'yan firamare su zo da safe kafin a buɗe su ga yadda ake yi, su wanke hannu su jera kayan kan tasu fizar a gasa musu, yaron da ya yi wannan sai ya ja iyayensa sun zo. Ganye da kayan lambu in akwai manomi a kusa ka saya a wajensa, ka rubuta sunan gonar a allo in ya yarda, ka kuma biya shi a kan lokaci, wannan na ƙarshen ya fi rubuta sunan muhimmanci.

A Napoli akwai tsohuwar al'ada ta masu soyayyar fiza a unguwannin talakawa, ka ci yau ka biya bayan kwana takwas, akwai kuma ta shan kofi inda mutum zai biya kofi biyu ya sha ɗaya ya bar ɗaya ga wanda ba shi da hali. Gidajen fiza da dama a duniya sun ɗauki wannan ta biyun, kwastoma ya biya wa wani da bai sani ba. In za ka yi, ka yi shi yadda mai karɓa ba zai ji kunya ba, ya faɗa wa na kanta a hankali a ba shi kamar kowa, ba hoto ba sanarwa. Ban ga amfanin ɗaukar hoton mabuƙaci a sa a Instagram ba, mutuncinsa ya fi tallan.

Amma fa ka sani da zarar an san kana bayarwa, roƙo zai yi yawa, kowace ƙungiya da takardarta. Ka yanke wa kanka abin da za ka iya bayarwa a wata, in ya ƙare ka ce wannan watan an rufe a dawo wata mai zuwa, ka faɗa da sakin fuska. Gidan da ya karye saboda kyauta ba wanda zai ƙara amfana da shi.

Sai ƙorafi. Wani zai rubuta a Google ko Facebook cewa fizarsa ta zo a ƙone ko an bar shi yana jira. Kar ka amsa da zafinka, ka bari sai gobe, ka bincika me ya faru, in laifinku ne ka ce laifinmu ne ka gayyace shi ya dawo, in ba naku ba ne ka yi bayani gajere ba gori. Masu karantawa amsarka suke dubawa fiye da ƙorafin. Wanda kuma ya yi ƙorafi yana zaune a tebur, a canza masa nan take ba musu, curi ɗaya ne da cuku kaɗan.

Ma'aikata

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk abin da na lissafa a sama ba kai za ka yi shi ba, yaran da ka ɗauka ne za su yi. In za ka iya ka ɗauki matasan unguwar, sun san mutane mutane sun san su, iyayensu ma za su zama kwastomomi. Wajen ɗauka ka fi duba hali, miƙa kwaɓi ana koya shi cikin 'yan makonni amma haƙuri da yaro mai rigima da wuya a koya wa wanda ba shi da shi. Ka biya albashi ranar da ka ce, ka fitar da jadawalin aiki da wuri don ɗalibai su tsara karatunsu, a ci abinci tare kafin a buɗe kuma su ɗanɗana duk abin da ke menu don in an tambaye su su amsa da saninsu. In za ka yi wa wani gyara ka ja shi gefe, kar a gaban kwastoma. Ma'aikacin da ya daɗe shi ne yake gane fuska, shi ne zai ce wa yaro kai ina ƙanwarka yau, kuma duk lokacin da irinsa ya tafi wani abu na gidan ya tafi da shi, don haka ƙarin albashin da zai riƙe shi ya fi maka sauƙi a kan koyar da sabo.

Kai kanka ka riƙa fitowa daga kicin. A daren da ya fi cika ka zaga tebura ko na minti biyar, ka gaisa, ka kalli abin da aka bari a faranti, in gefen fiza yana dawowa da yawa to kwaɓin yana da magana. Kuma tun a shekarar farko ka koya wa mutum na biyu tanda da kwaɓi har ya kai in ba ka nan ba mai ganewa, sannan ka ware rana ɗaya a mako a rufe kowa ya huta, har da kai.

In ciniki ya kankama za a fara zuga ka ka buɗe reshe na biyu. Kafin ka amsa ka gwada tafiya ta mako biyu ba ka leƙa shagon ba, in ka dawo ka duba littafin kwaɓi da lissafin cuku ka tambayi tsofaffin kwastomomi uku ko sun ji wani bambanci. In sun ji, to akwai sauran aiki a gida na farko, sai ka ƙara tebura a waje ko ka buɗe da rana ko ka karɓi odar bukukuwa, duk waɗannan suna ƙara ciniki da tanda ɗaya da hayar da kake biya yanzu.